Yaƙin Minti Biyar: Yadda Nafi'u Ya Yi Wa Kwantenoninsa Ƙofa

Da sunan Allah muke buɗe wannan kundi, sannan mu kira nasaba, domin ba a fito da gwarzo fili a bar kakanninsa a ɗaki. Wannan labarin Nafi'u ne, ɗan Ilu Mai Rediyo, wanda ya shekara talatin a bakin kasuwar Tsamiyar Kogi yana tayar da rediyoyin da masu su suka riga suka fid da rai. Jikan Sambo Mai Fitila, wanda ba a taɓa kawo masa fitilar da ta gagare shi ba sai guda ɗaya, ita ma mota ce ta bi ta kanta. Tattaɓa-kunnen Buwai, wanda masana suka yi saɓani a kan sana'arsa, amma suka haɗu a kan cewa duk abin da aka ba shi ajiya sai ya kwance shi ya leƙa cikinsa. Daga wannan tsatso mai albarka Nafi'u ya fito, Sarkin Yaƙin Baƙin Allo, Garkuwan Soket, Barden Waya da Filogi, ma'abucin tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, wanda a takardar ɗaukarsa aiki aka rubuta "mai kula da kwamfuta" kawai, saboda rowar tawada.

Daularsa ita ce ofishin ƙungiyar manoman rani, ɗaki biyu da baranda. A kusurwar ɗaki na biyu wata kwamfutar tebur take zaune, wadda kowa yake kira Tsohuwa, don in an kunna ta sai ta yi nishi, ta yi tari, ta yi shiru har a ɗauka ta cika, sannan ta buɗe ido. A cikin Tsohuwa akwai kwantena uku. Kwantena, ga wanda bai sani ba, akwati ne da ba a gani da ido, ana rufe manhaja a ciki tare da duk kayan aikinta don kada ta sa hannu a kwanon maƙwabciyarta. Ta farko tana riƙe da sunayen manoma da gonakinsu. Ta biyu tana fitar da wanda layin ruwa ya zo kansa. Ta uku ita ce mai aika saƙo wayoyin mutane, ta ce wane, gobe ruwanka ne daga hantsi zuwa azahar. Manoma ɗari bakwai suna kwana suna tashi da wannan saƙo.

To ga inda masifar take. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, kwantenonin nan uku sai su ɓingire, kuma ko an kawo wutar an kunna Tsohuwa, ba sa tashi sai Nafi'u ya zauna gaban baƙin allo ya buga musu umarni. Umarnin yana cikin wani littafi mai bango kore da injiniyan da ya kafa su ya bari shekara uku da suka wuce, ya tafi, lambarsa ta daina shiga. Nafi'u ya haddace littafin nan tsaf, har da inda man gyaɗa ya ɗiga, amma in ka tsare shi ka ce mene ne ma'anar layi na huɗu, sai ya gyara tabarau ya ce maganar tana da zurfi. Wuta kuwa a Tsamiyar Kogi sau huɗu ake ɗauke ta a rana in an yi sassauci. Saboda haka shekara uku cur sadaukin nan bai kwana a wajen gari ba. Biki ya wuce shi, ta'aziyya ta wuce shi, ya zama mutumin da ake cewa ai ya aiko da gaisuwa.

Sai ga shi Allah ya kawo abin da ba a aika wa gaisuwa. Matarsa Zulai, bayan shekara tara da aure, shekarun da suka sha maganganun mutane har suka daina amsawa, ta tafi gidan iyayenta a Azare goyon ciki, ta sauka lafiya ranar Juma'a, aka samu 'ya mace. Suna sai Juma'a mai zuwa da safe. Abin da Nafi'u ya gani na 'yarsa duk duniya hoto ne guda da aka turo masa a waya, hoton da aka ɗauka hannu yana rawa, ba abin da ya fito sai zani da kunne ɗaya. Kunnen nan kuwa ya sha kallo. Yana tsakiyar buga umarni zai ciro waya ya dube shi, ya mayar aljihu, ya share ido ya ce fankar Tsohuwa ce take huro masa iska. Gaskiyar magana, mutumin nan ba abin da yake so a duniya irin ya ga sauran fuskar.

Ranar Laraba da safe ya sa hularsa ta zuwa Juma'a ya tunkari Ciyaman, Alhaji Tanimu, ya nemi izinin kwana uku. Ciyaman ya yi masa barka har zuci, sannan ya tuna masa da waƙi'ar Talatar Tumatir, wato ranar da Nafi'u ya je cire haƙori bara, rabin yini kacal, aka ɗauke wuta a bayansa, saƙo bai fita ba, mutanen ƙauye biyu suka haɗu a bakin magudanar ruwa kowa da fartanyarsa a kafaɗa, ba don noma ba. Da ƙyar aka raba. Yanzu kuma ga albasa ta fara kai, kwana uku ba ruwa asara ce ta shekara.

"Ba ni na hana ka ba, Nafi'u," in ji Ciyaman. "Ka nuna mini mutum ɗaya da zai tashe su in ba ka nan, ni da kaina zan kai ka tasha."

Mutum ɗaya kuwa ya rage a ofishin, ita ce Malama Hansatu mai buga takardu, wadda ta fara aiki tun zamanin tafireta, shekara ashirin da shida yatsunta suna kan haruffa. Ba ta tsoron Ciyaman, ba ta tsoron manoma in sun zo da faɗa, amma ta rantse ba za ta taɓa baƙin allo ba, don a cewarta wurin da za ka kuskure harafi ɗaya ka rushe gari ba wurin mai hankali ba ne. Ta ce in dai abin dannawa ne a kawo, za ta danna. In kuwa wannan karatun aljanun ne, ya yi haƙuri ya aika da gaisuwa.

Nan fa jinin Buwai ya motsa. Nafi'u ya shiga bincike, ya yi tambaya a zaurukan masana na waya, har ya gano akwai wata kwantena ta huɗu wadda aikinta shi ne ta buɗe shafi a burauza, wato manhajar shiga intanet, ta jero sauran 'yan'uwanta a fili, kowace da ɗigo a gabanta, kore in tana farke, ja in ta kwanta, ga kuma maɓalli a gefe da za a danna a tashe ta. Wato ƙofa ce za a yi wa gidan da shekara uku ta katanga ake haura shi. Ya kwafe umarnin kafa ta harafi da harafi a bayan koren littafi, ya kuma ƙarar da yinin Laraba yana sauko da ita daga intanet, yana tsaye a bakin taga hannu a sama riƙe da waya, domin a nan kaɗai sabis yake yarda ya sauka. Masu wucewa suna ɗaga masa hannu, sun ɗauka gaishe su yake yi.

Sai aka wayi gari ranar Alhamis, ranar da alƙaluman tarihi suka daɗe suna jira, ranar kasuwar Tsamiyar Kogi, ranar da motar Azare ta ƙarshe take tashi ƙarfe uku na yamma ba ta jiran kowa. A nan ya wajaba mu bayyana dokar filin daga. Ita wannan sabuwar ƙofa, saboda tsaro, da zarar ta buɗe a karon farko tana ba mutum minti biyar ya saka kalmar sirri, harafi goma sha biyu, sau biyu, su zo daidai da juna. In minti biyar ya cika ba a saka ba, sai ta kulle kanta, a sake kwantar da ita a tashe ta. A kwamfutar zamani wannan ba komai ba ne. A jikin Tsohuwa kuwa rubu'in awa ne cif, da nishi da tari. Nafi'u ya karanta dokar ya yi murmushin manya, ya ce minti biyar ai har shayi mutum ya sha. Kaico, bai san rundunar da ta riga ta fito daga ƙauyuka ba.

Da ƙarfe tara da rabi ya naɗe hannun riga, ya daidaita tabarau, ya buga umarnin da yatsa biyu kamar yadda ya gada, ya ɗaga ɗan ali sama har Malama Hansatu ta waigo, ya yi kururuwar yaƙi.

"A buɗe!"

Ya danna. Tsohuwa ta yi nishi. Bayan rubu'in awa shafi ya bayyana, fari tas, da gurbi biyu suna jiran kalmar sirri. Maimakon sadauki ya rubuta ya wuce, sai ya jingina ya fara tunanin kalmar da ta dace da darajar wannan rana. Ya auna sunan kakansa, ya ga harafi biyar ne. Ya haɗa da na uban kakansa, ya ƙirga da yatsu, ya ga da saura. Yana cikin wannan shawara da zuciyarsa, minti biyu ya tafi, sai aka yi sallama.

Baba Makau ne, dattijon manoman Gidan Kuka, aminin marigayi Ilu Mai Rediyo, wanda ya tako da ƙafarsa tun asuba da zakara a hammata saboda ya ji ɗan amininsa ya samu ƙaruwa. Nafi'u ya zabura ya miƙe ya rusuna. Baba Makau ya ajiye zakara, ya kama hannunsa na dama da hannu ɗaya, ya kama na hagu da ɗayan, ya buɗe gaisuwa daga tushe. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya dawo ya sake tambayar gajiya don amsar farko ba ta shiga kunnensa ba. Sannan ya shiga barka, daga barka ya shiga addu'a, daga addu'a ya tuno ranar da aka haifi Nafi'u kansa, yadda Ilu ya rufe rumfa ya bar rediyon hakimi a kwance, sai idon tsoho ya kawo ruwa. Nafi'u yana amin, yana amin, ta gefen ido yana kallon farin shafi har ya rikiɗe ya nuna an kulle.

Na san akwai mai karatu da zai ce me ya hana shi ya ce Baba a ba ni minti ɗaya. Mai faɗin haka ba a Tsamiyar Kogi aka haife shi ba, kuma ina roƙonsa kada ya zo ya ba mu kunya. Tsohon da ya tako tun asuba da zakara, ka zare hannunka daga nasa saboda talabijin ɗin ofis? Kafin la'asar labarin ya kai Azare, ya riga ka isa. Minti ashirin da uku gaisuwar ta ci, aka ɗaure zakara a ƙafar tebur, Baba Makau ya shiga kasuwa.

Farmaki na biyu an shirya shi da hikimar wanda ya sha kaye. Nafi'u ya rubuta kalmar sirri a tafin hannunsa tun kafin ya fara, ya tura ƙyauren ɗaki, ya jingina masa kujera, abin da bai taɓa yi ba tunda aka ɗauke shi aiki, har zuciyarsa tana yi masa faɗa. Ya sake kururuwa, wannan karon ƙasa-ƙasa don kada a ji daga waje. Shafi ya buɗe. Ya cika gurbi na farko lafiya lau. Yana ɗora yatsa a na biyu sai guɗa ta tsage a bakin taga, tagar nan dai ta sabis, wadda ya manta a buɗe. Matan ƙungiya masu shanya tattasai ne, su goma sha ɗaya, sun ga ƙofa a rufe sun zagayo. Kowace da tata barkar, kowace da tata addu'ar, kuma ba a amsa wa mutum goma sha ɗaya da amin guda, sai a ce ka yi wa wata wulaƙanci. Jarumi ya raba kansa biyu, baki a taga, yatsa a kan haruffa, ya kai ƙarshe ya danna, shafi ya ce kalmomin biyu ba su zo daidai ba. Ya duba tafin hannu, gumi ya riga ya narkar da tawadar, abin da ya rage kamar sawun kaza. Kafin ya tuno harafi na tara, ƙofa ta kulle. Matan suka tafi suna yaba tarbiyyarsa, suka bar masa ƙullin daddawa da sabulu ya kai wa mai jego.

Farmaki na uku ba shi da dogon tarihi. Shafi ya buɗe, ba kowa a taga, ba kowa a ƙofa, sadauki ya buga harafi shida, aka ɗauke wuta.

Allah ya sani, a wannan lokaci Nafi'u ya ji duniya ta yi masa zafi. Ya zauna a ɗakin da ya yi tsit, ba nishin Tsohuwa, ba komai sai zakara yana tsattsagar igiya, ya ciro waya ya dubi kunnen nan. Ya fara tsara kalmomin da zai faɗa wa Zulai, ya ga ba wadda zai iya furtawa. Shekara tara tana jira, yanzu a ce mata uban 'yar ya aiko da gaisuwa. Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci, a hanya mutum shida suka yi masa barka, ya amsa musu duka da fara'ar dole.

Aka dawo da wuta ƙarfe biyu saura kwata. Sai da ya fara tayar da kwantenoni uku na asali, don saƙon ruwan gobe bai fita ba, sannan ƙarfe biyu daidai ya juya ga ta huɗu. Lissafi ya nuna wannan shi ne farmaki na ƙarshe, in ya faɗi mota ta tafi. Ya rufe taga, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya kira sunan Ilu da Sambo da Buwai a zuciyarsa, ya danna ba tare da kururuwa ba, domin murya ta ƙare. Biyu da kwata shafi ya buɗe. Ya miƙa yatsu biyun nan masu tarihi.

Aka yi sallama.

Baba Makau ne ya dawo. Yana tsakiyar kasuwa ya tuna bai tambayi lafiyar mai jego ba, abin ya tsaya masa a rai, ya ce ba zai koma gida da wannan nauyi ba. Kuma bai dawo shi kaɗai ba, ya zo da ƙanensa Baba Jatau, wanda duk Gidan Kuka an san ya fi yayansa tsawon gaisuwa, don shi har dabbobin gida yake tambaya ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya kama hannun dama, ƙane ya kama na hagu, aka tsayar da Sarkin Yaƙin Baƙin Allo a tsakiyar ɗaki, taku uku tsakaninsa da nasara, ba shi da hannu ko ɗaya. Minti ɗaya ya wuce ana kan kwana. Minti biyu ana kan gajiya. A minti na uku Baba Jatau ya tambayi akuyar da aka ce Nafi'u yana kiwo.

Duk wannan yini Malama Hansatu tana teburinta a ɗaki na farko, ta ƙofa tana hango komai, tana ɓarar gyaɗa. Sai ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. Ita ba a miƙa mata hannu, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana gaisawa da mutane da baki yatsunta suna aiki, ba wanda ya taɓa ganin laifinta. Ta shigo, ta rusuna wa dattawa, ta zauna a kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kai sai Nafi'u.

"Harafi nawa?" in ji ta.

"Goma sha biyu, Malama, kalmar sirri ce. Sau biyu. Amin, Baba, amin."

Tana tambayar Baba Makau ya ƙafa, ya mutanen gida, yatsu goma suka sauka kamar yayyafi a kan kwano. Waɗanda suka halarta sun ce abin bai kai daƙiƙa bakwai ba. Shafi ya juya, ya buɗe, sai ga kwantenoni huɗu a jere, kowace da sunanta, kowace da koren ɗigo a gabanta. Ganuwar da ta mayar da farmaki uku ta faɗi a hannun matar da ko kallon allon ba ta yi sosai ba, don a lokacin tana amsa tambaya ce a kan ciwon gwiwarta.

Da dattawa suka sassauta, Nafi'u ya ƙwato hannu ɗaya, ya matso cikin haiba irin ta mai ƙasa, ya nemi a sanar da shi kalmar da aka saka. Malama Hansatu ta ce ai shi da bakinsa ya ce ta sirri ce. Ya haɗiye wannan, ya shiga koya mata aiki: in an ɗauke wuta an kawo, ta kunna Tsohuwa, ta buɗe shafin nan, za ta ga uku sun yi ja, ta danna musu maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye shi ita ta huɗun wa zai tashe ta, tunda ita ma a cikin Tsohuwa take. Ya yi dariyar masana, ya nuna mata bayan koren littafi, ya ce ai a cikin umarnin da ya kwafo akwai 'yan kalmomi da suke gaya mata ta riƙa tashi da kanta kullum.

Malama Hansatu ta dube shi ta saman tabaranta.

"To su sauran ukun, me ya hana a gaya musu haka?"

Nafi'u ya gyara tabarau. Ya dubi koren littafi, ya dubi Tsohuwa, bukukuwa da ta'aziyyoyin shekara uku suka wuce ta gabansa a jere, har da haƙorin da ya bari ya ruɓe wata shida don tsoron barin ofis. Ya sunkuya ya duba shafin, sai ga wurin a fili, a ƙarƙashin kowace kwantena, ɗan zaɓi ne da ake canzawa da dannawa biyu. Ya nuna mata da haɓa, don Baba Jatau bai saki ɗaya hannun ba tukuna. Ta danna wa ta farko, ta danna wa ta biyu, ta danna wa ta uku, ta koma kan gyaɗarta.

Aka kira Ciyaman. Shi kuwa mutum ne da ba ya yarda da labari, ya sunkuya da kansa ya zare filogin Tsohuwa daga bango, ya ƙirga goma, ya mayar. Malama Hansatu ta danna maɓallin kunnawa da ɗan yatsa ɗaya. Aka tsaya ana jira, Ciyaman da dattawa biyu da zakara, Nafi'u kuma an ce ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu, kada a ce ya taɓa wani abu. Tsohuwa ta yi nishi, ta yi tari, ta yi shirunta na al'ada. Uku saura kwata aka buɗe shafi, ɗigo huɗu, duka kore, ba wanda ya buga ko harafi. Baba Makau ya tambaya ko an ci nasara, aka ce an ci, ya ce dama ya san ɗan Ilu ba ya faɗuwa, ya gyara tsayuwa zai fara sallama.

A nan Ciyaman ya nuna dalilin da ya sa aka zaɓe shi sau uku. Ya ce Baba a taka a raka shi, a yi sallamar a hanya. Haka aka fita, Ciyaman yana tura babur, Nafi'u da jaka da zakara da ƙullin daddawa, dattawa biyu a gefe suna jero saƙon gaisuwa ga mutanen Azare da ba su taɓa gani ba, har bakin titi, inda aka ɗora gwarzo a bayan babur aka fizga. Sun iske mota ta tayar da inji. Wurin da ya rage rabin kujera ne a gaba, kusa da giya, inda duk canjin da direba zai yi sai ya bugi gwiwarsa. A kan wannan karaga Barden Waya da Filogi ya bar Tsamiyar Kogi a karon farko cikin shekara uku, zakara a cinya.

Rana tana shirin faɗuwa ya isa ƙofar gidan surukansa. Ya yi sallama, surukinsa Malam Ƙasimu ya fito zaure, Nafi'u ya cire takalmi ya durƙusa, aka buɗe gaisuwa. Ana kan hanya da gajiyar mota sai ya jiyo wani ɗan siririn kuka daga cikin gida, kukan da bai taɓa ji ba amma ya gane shi nan take. Bai san lokacin da idonsa ya sauka kan agogo ba. Minti uku. Malam Ƙasimu ya tambayi aiki, ya tambayi Ciyaman, ya tambayi yadda albasa ta yi bana. Minti biyar ya cika, Nafi'u ya saci kallon ƙofar cikin gida. Tana nan a buɗe, iska tana kaɗa labulenta.

A minti na goma sha ɗaya goggon Zulai ta fito da abu a naɗe cikin zani, zanin nan dai na hoto, ta ɗora masa a hannu tana tsokanarsa wai ko kunyar 'yar fari za ta bar shi ya duba. Ya kawar da kai gefe kamar yadda ake yi a gaban suruki, ya daure na ɗan lokaci, sannan ya kasa. Ya fara nemo kunnen, ya same shi, daga nan ya bi a hankali ya ga sauran. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, goggo ta ce ko ofis ne, ya ciro da hannu ɗaya ya duba. Malama Hansatu ce ta rubuto cewa an ɗauke wuta an kawo, ta danna maɓallin kunnawa, duka kore, ta ce ya yi zamansa.

Nan jikan Sambo Mai Fitila ya gyara murya, domin ya ga ya dace magajiyarsa ta fara jin tarihin gidansu daga bakin wanda ya halarci filin daga, farmaki huɗu da ganuwar da ta faɗi. Ya ce mata, a hankali, "Kin san abin da aka sha kafin a zo?" Ta buɗe ido ɗaya, ta dubi tabarau mai ƙafa ɗaya, ta yi hamma, ta koma barcinta. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya gyara mata zani, ya zauna sosai a kan tabarma, ya kwance agogon daga hannunsa ya jefa a aljihu.